Mai Barcin Kwalejin Dabino

Ranar da Nusaiba ta fara kai wa masu ɗaukar shirin Kwalejin Dabino awara, ta tarar da wani saurayi ya kifa kai a bencin baya, ana ta ɗauka. Da aka tsaya ya ɗago, idonsa tar, ya sakar mata murmushi. Mujahid ke nan.

Wasan kwaikwayo ne na ɗaliban kwaleji, ana nuna shi a talabijin bayan azahar. Tun farkonsa Mujahid yake ciki. Janareta ya kawo musu a adaidaita sahunsa, aka rasa mai cike benci, aka zaunar da shi. Kunyar kyamara ta sa ya kifa kai, masu kallo kuwa abin ya burge su. 'Yan wasa sun zo sun tafi, an sauya shugaban kwaleji, har tasha an sauya, shi yana nan yana barci.

Soyayya ta ƙullu tsakaninsa da Nusaiba. Da maganar aure ta taso, Baffa Gwadabe, mahaifin Nusaiba, ya ƙi. Duk unguwar Limawa babu mai bin shirin kamarsa. Ya ce yaron da ya gudu daga makarantar gaske, ta wasa ma barci yake a cikinta, ina zai riƙe gida? Ga Suhaib ɗan ƙanwarsa ma'aikacin sakatariya yana jira.

Mujahid ya yi ta naci wurin darakta a ba shi dama ya yi magana a shirin, har ya ce in ba haka ba zai bar shi. Sannan ya tura mata saƙo: "Sanyin idona, Baffa ya kalli na Laraba. In bai sauko ba, na haƙura."

Ta mayar masa: "Ka haƙura da wa? Ni ban haƙura ba, malam mai barci."

Ranar Laraba malamin cikin shirin ya yi wa aji tambaya. Sai hannu ya ɗagu daga baya. Mujahid ya miƙe.

"Malam, a maimaita mini daga farko. Ina so in koya."

Baffa na gida yana kallon talabijin. Sai ya ce wanda ya iya faɗin haka a gaban jama'a ba rago ba ne, Mujahid ya turo magabatansa.

Wurin ɗaurin aure, liman na shirin addu'a, Baffa ya waiwaya ya ce, "A duba mini ango, kada a shafa fatiha yana barci."

Aka yi ta dariya, aka shafa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.