Muryar da Mataciya Ta Zubar

Injiniya Tasalla ta danna makunni ta ce, "Tashar Tsibiri, Birnin Gaɓa ke kira." Na'urar da ake ce wa Mataciya ta zare kalmomin daga cikin muryarta, ta matse su suka zama ɗan ƙanƙanin saƙo, ta harba a iska. Amsa ta dawo cikin muryar nan mai santsi da kusan kowace tasha ke magana da ita yanzu.

"Ina jin ki, Inna. Lafiya lau muka tashi, alhamdu lillahi."

Mahaifinta ne, Malam Gwadabe, mai kula da tashar da ke tsakiyar tafki. Inna yake kiran ta don sunan mahaifiyarsa ta ci. Kuma ba lafiya lau ya tashi ba. A kwance yake kan tabarma, makirufo a ƙirjinsa, kowace kalma sai ya huta kafin ta gaba ta fito. Mataciya ta zubar da tarin da hakin, ta kawo wa 'yarsa kalmomi tsaf.

Tun da tafki ya cika ya haɗiye garuruwa, duk damina sai ruwa ya kwashe turakun waya. 'Yan rediyon sa-kai suka zama kunnen jama'a, su ke kiran jirgin ceto, su ke neman likita. Sai dai kowace ƙungiya da manhajarta, na gabas ba sa jin na yamma, kowa kuma na rantsuwa tasa ce ta ƙwarai. Shekaru Tasalla ta yi tana yawon taro, tana lallashin tsofaffi masu taurin kai, har aka amince da tsari guda, aka sa masa suna Daidaito. Sharaɗinsa ɗaya ne. Murya tana da nauyi, tana cinye zangon iska, don haka kalmomi kaɗai za a riƙa aikawa. Ran da aka sa hannu wani ya ce, "Wa ke da bukatar tarin wani a rediyo?" Zauren ya kwashe da dariya, har da ita.

Tsarin kuwa ya yi aiki, ba a cin amanar gaskiya. Ƙaramar tasha mai batir guda ta riƙa kaiwa inda a da sai babbar eriya.

Abin da ya sha musu kai, duk wanda ke zauren nan ya san shi tun daga gidan ubansa. Tsohon mutum ko ciwo na cin ransa, ka gaishe shi sai ya ce da sauƙi. Ba a bakinsa ake jin gaskiya ba, a muryarsa ake ji. A da, da sallamar Malam Gwadabe kawai Tasalla ke gane mura ta kama shi, ta sako masa magani a kwalekwale.

"Baba, na daɗe ban leƙo ba. Ko in shigo ƙarshen mako?"

Tsohon ya rufe ido. Yana son ganin ta kamar me, amma ya san saura ƙungiyoyin kudu ba su shiga Daidaito ba. Ya daɗe bai ce komai ba, Mataciya ta yanke shirun.

"Haba Inna, ki bar aikin jama'a? Gama tukuna, ina nan."

Tasalla ta juya ta ce wa abokin aikinta Nafi'u, "Ka ji tsohon nan, ya fi ni ƙarfi."

Ƙungiyoyin kudu suka sa hannu. Washegari da safe ta kira tsibiri da albishir, muryar nan ta amsa kamar kullum.

"Baba, an gama."

"Baiwar Allah, ba shi ba ne. Ɗan'azumi ne masunci, mai kawo masa ruwa. Sai haƙuri, Malam ya cika ɗazu."

Da muryar da ta saba ce mata lafiya lau aka faɗa mata.

"Cika kamar yaya? Jiya fa muka yi magana."

"Tun farkon damina yake jinya. Na ce in sanar da ke, ya hana. Ni kuma na ga kullum kuna magana, na ɗauka ai kin ji yadda ya koma."

Ta zauna a ƙasa, ba ta san ta zauna ba. Can ta ce, "Nafi'u, don Allah nemo min maganarsa ta jiya. Muryarsa nake so in ji."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Injiniya, ba a ajiye murya. Tun a tasharsa take gogewa. Haka muka rubuta."

Al'adar 'yan sa-kai ce, idan mai tasha ya rasu na kusa da shi ne ke sanarwa a iska. Ta ɗauki makirufo. Kuka ya ci ƙarfinta, ta tsaya, ta sake farawa, da ƙyar ta kai ƙarshen sunansa. A ɗaruruwan tashoshi, daga gabas har kudu, karo na farko kowa ya ji sanarwa guda a lokaci guda, cikin murya mai santsi da ba ta girgiza ba.

Ta'aziyya ta fara shigowa. Cikin masu kiran akwai tsofaffin da suka yi rabin rayuwarsu suna hira da mahaifinta ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Tasalla ta kasa kunne tana neman wanda ya yi kuka a cikinsu, ko mutum ɗaya, ta kasa ganewa.