Ƙwayar Tela Ba Irin Ta Direba Ba Ce

Auta na tsugune tana tsince zare a ƙarƙashin keken ɗinki, sai ga Mama ta turo ƙofa, wanta Yaya Babba na biye da ita.

"Tashi ki haɗa kayanki," in ji Mama. "Ban haife ki don ki ƙare a hannun ɗan ƙwaya ba."

Auta ta san ba ƙarya Mama ta yi ba. Mijinta Tela na shan ƙwayar hana barci tun bayan rasuwar mahaifinsa. Sai ya kwana ya wuni a kan keke, ido jajir, surutu kamar rediyo. Amma tana sonsa, son da har kunyarsa take ji a gaban Mama.

"Ku bar ni da shi," in ji Yaya Babba, wanda bai taɓa rasa maganin matsalar wani ba. "Haka abokina direba ya yi. Muka zubar da ƙwayoyin, muka kulle shi a ɗaki, ya sha barcinsa ya tashi garau. Ai duk halinsu ɗaya."

Haka aka yi. Tela bai yi gardama ba. Ya yi barci, ya tashi, ya zauna yana kallon bango, abinci ma sai an matsa masa.

"Kin gani ko? Ya nutsu," in ji Mama.

Ran da aka buɗe masa ƙofa, Tela ya ɗauko almakashin da ya gada a wurin mahaifinsa, ya sa wa Auta a hannu.

"Ki riƙe, na gama da shi. Ki yafe mini, kin ji?"

Auta ta kalli almakashin. Mutumin da ko taɓa almakashin nan ba ya bari a yi, yau shi ke kyauta da shi? Ta fito tsakar gida tana hawaye.

"Mama, wannan ba nutsuwa ba ce — bankwana yake mana. Asibiti zan kai shi."

"In kika bi shi, kar ki ƙara taka mini gida!"

Auta ta durƙusa ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Ta share fuska, ta kama hannun mijinta suka fita. Yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da uwarta ke nan fa.

A asibiti, wata likita ta saurare su, sannan ta tambayi Auta, "Yaushe ya daina dariya — kafin ƙwayar ko bayanta?"

"Kafin, likita. Tun ranar da aka binne babansa."

"To kin gani. Masu shan nan ba iri ɗaya ba ne. Wani nishaɗi ya kai shi, wani son ƙarfin aiki, wani har ya kai ga jin muryoyi yana zargin kowa. Mijinki ciwon damuwa ne a ƙasa, difireshan, ƙwayar rufe shi kawai take. Da kuka cire ta kuka kulle shi, kun bar shi shi kaɗai da ciwon. Gara da kika yi sauri."

Jinyar ta yi tsawo. Ya taɓa komawa ƙwayar, Auta ta sha kuka, ta sake raka shi kilinik. Ita ke sa maɓalli, ita ke ba kwastoma haƙuri. Mama kuwa ko gaisuwarta ba ta amsawa, kuma wannan ya fi komai yi wa Auta ciwo.

Wata safiya, bayan Tela ya murmure har ya koma tsokanar matarsa, Mama ta yi sallama da yadi a hammata. Ta ajiye masa a kan keke, tana kallon gefe.

"Riga nake so. Kuma ba sauri nake ba — in ka gaji, ka kwanta ka huta, ɗana."

Auta ta juya baya don kar a ga hawayenta.

Kafin ka yanke wa mai shan ƙwaya hukunci, fara tambayar abin da ke cin ransa. Haƙurin Auta da lurarta ne suka riƙe mata aure, suka kuma riƙe ran mijinta.