Wanda Ya Ƙona Ganyen Tumatir

Kwana tara da dasa tumatir a bayan ɗakin girki, Tela ya tsuguna gab da magariba yana juya ganyen ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasa sun yi rawaya. Na sama sun naɗe, bakinsu ya bushe ƙayau kamar an bi shi da ashana. Ya leƙa bayansu, babu tsutsa, babu ƙwaro. Ya cusa yatsa a ƙasa, ba ta jiƙe sharkaf ba, ba ta kuma bushe ba. Sai ya jawo gwangwanin da yake ɓoyewa bayan randa, ya ƙara musu takin zamani a gindi, kamar yadda ya saba kullum.

Shi Tela mutum ne da bai taɓa yarda abu na lalacewa da kansa ba, sai dai wani ya lalata. Ya fara zargin maƙwabci, ya koma kan matarsa, a ƙarshe ya sauke abin a kan Auta, 'yarsa da ke wanke-wanke kusa da wurin.

"Ruwan sabulu kike zuba musu."

"Wallahi Baba ba ni..."

"Rufe min baki."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta.

A magaribar nan dutse na farko ya faɗo kan rufin kwano. Washegari uku suka faɗo. Tela ya zagaye gida da sanda, bai ga ko sawun kaza ba, amma ya rantse aikin maƙwabci ne. Matarsa kuwa ta ce tana jin wani abu kamar tarin ƙananan yara daga ƙarƙashin kunyoyin. Ya harare ta, ya ce wa ya koya mata wannan magana.

Rana ta huɗu, Auta ta yanke jiki ta faɗi a gefen lambun, tana susar hannuwanta har jini.

Malamin da aka kira dattijo ne marar gaggawa. Ya tsaya a kan tumatir ɗin, ya murza ganye, ya tona gindin ɗaya, ya ga fararen ƙwayoyi jibge. Ya shiga ɗakin da aka kwantar da Auta ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, duhu na shigowa ta taga a hankali.

Can wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Tun kafin a gina gidan nan muke ƙarƙashin wurin. Yanzu kullum magariba ana zubo mana farin abu mai ci kamar wuta. Jikin 'ya'yana duk ya sale."

"Yarinyar ce ke zubawa?" in ji malamin.

"Ita ruwa mai daɗi take zubawa da safe, shi ke ba mu sauƙi. Na shige ta ne don na ga ba a jin maganarta a gidan nan. Na ce bari a ji ta da wata murya. Tambayi mai gwangwani."

Matar Tela ta juyo ta dube shi.

Aljanin ya nemi a yanka masa akuya. Malamin ya ce ko ɗigon jini ba zai gani ba. Za dai a wanke ƙasar da ruwa kwana uku, shi kuma aljanin ya kwashe iyalinsa ya bar gidan.

"Na yarda. Amma sai mai gwangwani ya faɗa da bakinsa," in ji aljanin.

Kunya ta kama Tela, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ni ne," ya ce. "Taki ne na cika musu."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido, ta ga uwarta, ta ga baƙon dattijo. Da idonta ya kai kan ubanta, sai ta ja jiki ta maƙure a bango.

"Baba," ta ce da 'yar muryarta, "wallahi ba ni na zuba ba."