Baƙin Man Da Ya Yi Yawa

Da turi ta shigo garejin, gumi na bin goshinta, jakar littattafan ɗalibai tana reto a hannun keken. Keke ne na ƙafa da aka ɗaura wa ƙaramin inji, sabo fil, amma ya ƙi tashi.

Bakaniken ya ɗago daga gindin wani babur. Shiru ake ce masa a layin, don sai ya wuni bai ce uffan ba. Tun rasuwar iyayensa yake kwana a ɗakin da ke bayan garejin, daga shi sai rediyo da wata kyanwa da ba ta ma yarda tasa ba ce.

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta. "Jiya aka ɗaura min shi, yau ya mutu."

Ya buɗe tanki ya shinshina. "Zallan fetur kika zuba?"

"To me ake zubawa, shayi?"

Saura kaɗan ya yi dariya, abin da ya jima bai yi ba.

"Irin wannan injin ba shi da wurin baƙin mai daban, Malama. A cikin fetur yake shan nasa. Allah ya taimake ki ba ki yi nisa ba, da fistin ya ƙone."

Ya ɗauko galan ya auna a gabanta. Kashi ɗaya baƙin mai, kashi goma sha shida fetur. Ya ce sabon inji yana son mai da yawa har ya saki jiki, in ya saki sai a rage.

"Yaushe zai saki?"

"Zan gaya miki."

Nan fa ya jawo wa kansa. Kafin wata ya ƙare injin ya saki jiki, kunnensa ya gaya masa tun tana kan kwanar layin. Lokacin ragewa ya yi. Amma haɗi mai kauri yana toshe fulogi da baƙin hayaƙi, fulogi kuwa in ya toshe dole a kawo wanki. Sai ya ja bakinsa ya yi gum.

Takan zo bayan an tashi daga makaranta, ta zauna a bencin da ya fara gogewa saboda ita. Yana kankare fulogi tana ba shi labarin yaran ajinta, da na mahaifinta, tsohon direban babbar mota da ciwon gwiwa ya zaunar. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta sun yi aure sun watse, gidan ya yi musu girma su biyu. Aikin da ba ya ɗaukar komai sai ya ja shi har rana ta yi sanyi.

Saƙo ma ya fara shigowa wayarsa, wadda a da masu kawo gyara kaɗai ke kira.

"Sarkin Shiru, kekenka ya sake yi min tari a gaban shugabar makaranta."

"Ki kawo shi, Malamata. Bencinki yana nan."

"Bencin kawai?"

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Daga ƙarshe ya tura, "Da mai bencin."

Ranar da abin ya ɓaci, ta je karɓo wa mahaifinta maganin ciwo. A dogon titin bayan masana'antu, inda ba gida ba shago, injin ya yi tari ya mutu. Ga ruwa ya sauko, ga wayarta ba caji. Ta yi ta turi har takalmi ya saluɓe mata dunduniya, tsohon kuma yana gida yana murƙususu. Wanda ya tsince ta shi ne ɗan abokin mahaifinta, mai shagon kayan gyara, wanda ya daɗe yana zuwa gaisuwar da ta fi ƙarfin gaisuwa. Ya kai ta gida, ya kwance fulogin, ya kai wa tsohon har kan kujerarsa.

Washegari tsohon ya aika aka kira Shiru. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo. Tsohon ya miƙo masa fulogin, baƙi ƙirin, mai na ɗiga.

"Yaro, na tuƙa mota tun ba a haife ka ba. Ko dai ba ka san aikinka ba, ko ka sani ka cuce ta. Wanne ne?"

Hanyar tsira a buɗe take, ya ce kuskure ne. Ya ga inuwarta a bayan labule.

"Na sani, Baba."

"Don me?"

"Don ta riƙa zuwa."

Tsohon ya ce, "Mutumin da zai bar 'yata a titi cikin ruwa don ya ga fuskarta, ba ni da abin ba shi. Ka gyara mata kekenta, ka fita hanyarta."

Ya gyara kamar ba zai sake taɓa wani inji ba. Ya wanke kafireto, ya fitar da daskararren hayaƙin salansa, ya sa sabon fulogi, ya mayar da keken da kansa ya jingina a ƙofar gida. Sannan ya tura saƙo.

"Kashi ɗaya cikin talatin da biyu. Ko an ce miki ki rage fiye da haka kada ki yarda, injin ƙarami ne, zai yi zafi. Ki girgiza galan kafin ki zuba. Na cuce ki, ki yafe min."

Ba amsa.

Abin takaicin shi ne ya iya aikinsa. Keken bai sake ko tari ba. Kowace safiya yakan ji wucewarta ta bakin layi, ƙarar injin tas, ba hayaƙi, ba dalilin tsayawa. Yakan dakata da sifana a hannu har ƙarar ta ɓace. Bencin ya koma wurin ajiye tsofaffin tayoyi. Ya ji ana cewa mai shagon kayan gyara ya matsa da zuwa, bai tambayi kowa ba. Kaɗaicin da ya saba da shi a da, yanzu ciwo yake masa, don ya ɗanɗana wani abu daban.

Har damina ta wuce. Wata yamma ƙarar ta shigo layin, ba ta wuce ba. Ta kashe injin a gabansa.

Ya tashi yana goge hannu, idonsa a kan keken. "Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi."

"Fulogi?"

"Lafiyarsa ƙalau." Ta ture tayoyin ta zauna. "Kana tsammanin ban sani ba? Tun da wuri wani dattijo a gidan mai ya ce min haɗina ya yi kauri. Na ci gaba da zubawa. Na gaya wa Baba, laifin namu ne mu biyu. Fushina ɗaya, ka gwammace ka toshe min inji da ka buɗe baki."

Ya rasa inda zai sa hannunsa. "Baba fa?"

"Ya yi ta faɗa, ni ma na sha nawa. Amma ya ce da ka yi masa ƙarya ranar nan, da ko gaisuwarka ba zai ƙara amsawa ba. Ya ce ka turo kawunka."

An ɗaura auren ba hayaniya, 'yan uwa da mutanen layin gareji. Da aka kawo su gaban tsohon, ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma ɗana, daga yau in kana son abu a wurinta, ka faɗa da baki."

Shiru ya juya ya dube ta, a gaban kawunsa da yayyenta da duk wanda ke falon.

"Malamata, ina son ki. Kada ki sake wuce ni."

"Na ji," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "Na tsaya ke nan."