Ƙuri'ar Umma

"Gaya min gaskiya, Auta… Umma Abbana za ta zaɓa ko kuwa?"

Na ɗauke hannuna daga ƙofar motarsa. "Injiniya, ni ka zo gani ko ƙuri'ar uwata?"

"Haba sanyin idona, tambaya ce kawai…"

"To je ka tambayi 'yan jarida!"

Kwana uku ke nan da jam'iyya ta yi zaɓen fid da ɗan takarar shugaban ƙasa. Mahaifin Injiniya da abokin hamayyarsa, Likita, suka yi kunnen doki. Dokar jam'iyya ta ce shugabar kwamitin zaɓe ce za ta raba gardama, wato Ummata. Aurenmu kuwa saura wata biyu.

A falo na same ta, takardu a cinya, shayinta ya huce.

"In na zaɓi surukinki, a ce na sayar da jam'iyya don auren 'yata," in ji ta. "In na zaɓi Likita, wane irin zama za ki yi a gidansu?"

"Umma, ki yi abin da ya dace. Ko da auren zai…"

Ta jawo kaina ƙirjinta.

Washegari Injiniya ya kira.

"Ki yafe min. Na gaya wa Abba kujerar da surukata ta miƙa masa ba za ta zaunu ba. Ya daka min tsawa, ya kore ni daga ɗaki… sannan ya kira Likita!"

Abban da Likita suka sa hannu a takarda ɗaya: a mayar wa wakilai zaɓen, ƙuri'a a asirce, wanda ya faɗi ya ɗaga hannun ɗan'uwansa.

Likita ya ci da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya.

Na shige kicin na sha kuka. Na ce shi ke nan, sun tsane mu.

Da hantsi aka yi sallama. Abban Injiniya ne da kansa, idanunsa jajur, ɗansa a bayansa. Ya zauna, ya dubi Umma.

"Hajiya, na rasa takara," ya ce. "Ba zan rasa 'ya kuma ba. Wata biyun nan ya yi min nisa… a matso da shi!"

Umma ta fashe da dariya, tana share hawaye da gefen mayafi.