Ƙafar Sallau

Ƙarfe goma na safe Kwaikwayau ya taka totur, motar tsere Tsattsewa ta fita daga rumfa ba kowa a cikinta.

Kwaikwayau akwati ne da bai fi jakar tafiya girma ba, da hannu biyu na ƙarfe a kan sitiyari da ƙafa ɗaya a kan totur. Ba ya tunani. Ana ɗura masa bayanan tuƙin mutum, yadda yake murza sitiyari da yadda yake taka ƙafa, sai ya tuƙa kamar mutumin. A Sabuwar Gusau ta shekarar 2091 motoci ke kai kansu inda za su, babu sauran mai tuƙi da hannu, don haka da gidan tarihi ya so a sake ganin Tsattsewa a kan titi, akwatin aka ɗaure a kujerarta.

Aiki ɗaya aka ƙera motar domin shi: ta zagaye Zoben Kwatarkwashi, rufaffen titi mai kilomita goma sha ɗaya, da gudun da ba a taɓa yi ba. Doguwa ce siririya, kujera ɗaya, ba fitila, ba giyar baya. A 2051 Tanimu Dayi ya yi kilomita 468 a awa da ita. Sunansa ke jikin bangon gidan tarihi.

Sallau Kakumi shi ne direban gwajinta. Shekara biyu yana cikinta, zagaye ɗari tara da sha biyu. Ranar da za a kafa tarihi, babban injiniya ya miƙa wa Tanimu hular kwano. Tun daga ranar Sallau yake gaya wa duk mai saurara cewa fuska aka duba, Tanimu ya fi kyau a hoto.

Yau an ajiye su gefe da gefe a rumfar baƙi, Tanimu a keken guragu mai tuƙa kansa, Sallau a kujerar roba.

"Kai ma sun tuna da kai?" in ji Tanimu.

"Na zo in ga an kankare ka."

Ba wasa yake ba. Masana sun daɗe suna shakkar agogon da aka auna gudun da shi a wancan zamani. Kwamiti ya yanke cewa idan Kwaikwayau, da hannun Tanimu a cikinsa, ya kasa kai 468, za a cire lambar da sunan daga bango. Sallau ya sa sabuwar riga saboda haka.

Motar ta wuce gabansu kamar an yaga ƙyalle. Ta shiga kwanar arewa ta fita ba ko girgiza. Mai sanarwa ya ce, "Ku dubi hannun Tanimu Dayi, jama'a. Ku dubi laushin hannu."

Sallau ya gyara zama. Ya san wannan shigar.

Sai kwanar gabas, inda titin ke jingina da dutse. Ƙarar injin ta ɗan sauka, kamar mutum ya haɗiye yawu, sannan ta dawo. Allo ya nuna 451.

Jama'a suka fara guna-guni. Sallau bai ji su ba. 451 ita ce lamba mafi girma da ya taɓa yi a rayuwarsa.

Tanimu bai juyo ba. Ya ce a hankali, "Ƙafarka ce."

"Ban ji ka ba."

"Ka ji. Ni ban taɓa ɗaga ƙafa a gabas ba. Kai kuwa kullum. Har daga rumfa muke jin ka."

Katin direba ɗaya kamfanin ya yi wa rajista a lokacin, da sunan Tanimu. Katin nan Sallau ke zura wa motar duk safiyar gwaji, don ba ta tashi sai da shi. Duk zagayen da motar ta taɓa yi, da sunan mutum ɗaya ta adana shi.

"To ka gaya musu mana," in ji Sallau.

"Wa zai yarda da ni yau? Kai dai yi shiru. Gobe za su kankare ni, ka huta."

Abin da Sallau ya yi niyya ke nan. Ya naɗe hannu. Zagaye na biyu, 451. Mai sanarwa ya ce ko da lambar ba ta cika ba, duniya ta ga gwaninta, ta kuma ga hankalin Tanimu Dayi, wanda ya san inda ake sassautawa.

Nan ne haƙurin Sallau ya ƙare. Sun ba Tanimu hular, sun ba shi bangon. Yanzu hannun Sallau sun ba shi, har tsoron nasa ma sun haɗa masa, sun kira shi hankali.

Ya tashi ya gangara inda Injiniya Balaraba Mashi, mai kula da akwatin, take tsaye gaban allonta.

"Zagaye nawa kika ɗura masa?"

"Ɗari tara da sha biyar, Baba."

"Uku ne na Tanimu. Na ƙarshe. Sauran nawa ne."

Ta dube shi, ta dubi allon. Ta jera layukan totur, ta ga ɗari tara da sha biyu duk sun lotsa a wuri ɗaya, uku sun miƙe.

"Me ke faruwa a nan kwanar, Baba?"

"Dutsen yana zuwa," in ji Sallau. "Ƙafata ba ta yarda."

Shekara arba'in bai faɗa wa kowa ba, har kansa.

Ta goge zagayen Sallau daga akwatin cikin minti huɗu. Tsattsewa ta sake fita. A kwanar gabas ƙarar ba ta sauka ba. 468.

Aka tafa. Tanimu ya ɗaga hannu yana karɓa. Amma motar ba ta tsaya ba, don ba wanda ya ce ta tsaya. Zagaye na biyu, 468. Na biyar, 468. Kafin na tara mutane sun fara neman abin sha. Shugaban gidan tarihi ya sanar cewa daga yanzu za a riƙa nuna gudun sau shida a rana, ban da Juma'a. Ya ƙara da cewa za a rubuta sunan Malam Sallau Kakumi a ƙasan na Tanimu: direban gwaji, 451.

Sallau ya koma kujerarsa. Tanimu ya sauke hannu tuntuni. Idonsa na kan motar.

"Sau uku na yi," ya ce. "Da na fito sai da aka riƙe ni. Na yi amai a bayan rumfa. Wannan akwatin ko zufa ba ya yi."

Motar ta sake wucewa. Ba wanda ya ɗaga kai sai su biyu.

"Sallau. Haka kake ji duk shekarun nan?"

"Haka."

"Ana sabawa?"

"A'a," in ji Sallau.