Dawar da Ke Rataye a Madafa

A zamanin Turawa akwai wata yarinya a Tudun Wadan Zariya. Babanta tela ne. Hatsi ya yi tsada, ɗinki ya ja baya. Sai Baba ya ce su koma Likoro, inda kawunsa ya bar masa gida da gona.

Yarinya ba ta so ba. Tun a hanya take tura baki. Da suka isa, komai ta gani sai ta ce, "A birni ba haka ake yi ba." Ita da ko fartanya ba ta taɓa riƙewa ba.

Wata rana Inna tana wanki a tsakar gida, yarinya ta shiga madafa shara. Ta ga zangarniyoyin dawa rataye a saman murhu, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin.

Ta ce a ranta, "Ƙazantar ƙauye ke nan." Ta tsinko su, ta watsa wa kaji a bayan gida.

Bayan kwana uku aka yi ruwan shuka. Baba ya shiga madafa, ya fito hannu wofi.

Ya ce, "Ina irin da Iya Sabuwa ta rataya mana?" Iya Sabuwa tsohuwa ce, maƙwabciyarsu.

Yarinya ta durƙusa ta ce, "Baba, ni na ba kaji. Na zaci shara ce."

Baba ya ce, "Hayaƙin nan shi ke hana ƙwari cin iri. In ba mu yi shuka a wannan ruwa ba, bana ba mu da tuwo."

Inna ta ce, "Tashi ki je ki gaya wa Iya da bakinki."

Yarinya ta tafi tana kuka. Ta gaida Iya Sabuwa, ta faɗi abin da ta yi.

Tsohuwa ta yi dariya. Ta ce, "Kajinku sun yi sallah. Ɗauko ƙwarya ki biyo ni."

Suka bi gida-gida suna roƙon iri. Indo ta ba da tafi biyu na farfara, farar dawa. Mero ta ba da kaura, jar dawa. Wata ma har da wake ta ƙara. Kafin azahar ƙwarya ta cika.

Da Baba ya gani, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi." A ranar suka yi shuka.

Da kaka gonarsu ta fita daban, fara da ja a gauraye. Masu wucewa suna tsayawa su nuna, kowa na cewa ga tasa. Yarinya ta zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ta rataye su a saman murhu da hannunta.

Daga nan ta gane cewa in ka je sabon wuri, kada ka raina abin da ka tarar. Ka tambaya tukuna.